Ƙarfen da ke ƙarƙashin Fijon Baba

Wata huɗu ke nan Fijo 504 ɗin da Baba ya bari tana gareji a Tudun Wada, nan Gusau. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Da aka ciro inji, sai muka kwance ƙarfen nan da ke gicciye a ƙasansa, wanda makanikai ke kira kurosmemba. Shi ke riƙe da sitiyari da hannayen tayoyin gaba, kuma noti ne ya ɗaure shi da jikin mota, don haka ɗungurungum yake fitowa.

Baƙin mai da jar ƙasa sun yi masa ɓawo mai kaurin yatsa. Kwana biyu na yi da kalanzir da burushin waya kafin ƙarfe ya bayyana. Sai ga tsatsa ta ci gefe ɗaya, ga feshin walda tun na kamfani kamar ƙuraje, ga wani faci da aka yi masa a bakin hanya shekarun baya, wataƙila bayan ya daki dutse a hanyar Ƙaura Namoda. Ni kuwa so nake in an ɗaga bonet a gan shi sumul, baƙi wul, yadda hannu zai bi ta kansa ba abin da zai karce shi.

Nan na yi kuskure. Na ɗauki giranda, injin goge ƙarfe, na hau layin walda ina ta ci, don ya zo daidai da jikin ƙarfe. Ogan gareji, dattijon da ya haura shekara talatin yana gyaran Fijo, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ɗana, tudun nan da kake gani muni, shi ne ƙarfin. In ka cinye shi, rami ɗaya za ka faɗa ya tsage." Ya sa farce ya nuna mini inda na riga na sirantar da shi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don motar nan yara zan riƙa ɗauka a ciki.

Daga nan muka canza salo. Feshin walda da kaifin baki kawai ake gogewa. Inda akwai kwari tsakanin haɗi, mai walda ke cikewa da ƙarfe, ɗigo-ɗigo, ya yi nan ya koma can, a bari ya huce da kansa, ba a zuba ruwa. Zafi in ya taru wuri ɗaya yana murɗe ƙarfe, in kuwa ya murɗe ko da kaɗan ne, ramukan noti ba za su hau ba, taya kuma ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Shi ya sa muka auna tsakanin ramukan tun farko, muka rubuta a kwali, muna sake aunawa bayan kowane zagaye. Ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa ba mu toshe su ba, duk da suna ɓata kyan gani, saboda in damina ta zauna ruwa zai kwanta a ciki ya ci ƙarfen a ɓoye.

Fila kuwa, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi kafin fenti, ɗan shafe kawai na yarda da ita, a kan zanen giranda. Ƙarfen da ke shan jijjiga kullum, in aka labta masa ita da kauri, tsagewa take yi ta zube. Sanfefa lamba 80 na fara da ita, na koma 180, sannan firaima, wato shafen farko kafin fenti. Fentin da asuba muka fesa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura.

Ƙanena ya zo ya leƙa, ya ce, "Yaya, duk wahalar nan a kan abin da ba mai gani?" Na ce ya shafa ya ji. Ya shafa, ya sake shafawa, bai ce komai ba. Ranar Asabar za mu mayar da ƙarfen jikin mota, in sabbin robobin da na aika a sayo a Kano sun iso.