Koyar da Tarihin Amurka a Sakandare: A Fara Daga Abin da Yaron Kano Ya Sani

A makarantun sakandarenmu tarihin Amurka ba shi da darasin kansa. Yana shigowa ne ta ƙofa biyu: darasin Tarihi idan an zo kan cinikin bayi ta Tekun Atlantika, da darasin Gwamnati idan ana bayanin tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da tarayya. Malamin da ya samu fili huɗu ko biyar na minti 40 a zango ya yi sa'a. Wanda ya ƙarar da su wajen rubuta shekaru a allo, yara su kwafa su haddace, to kafin sati ya zagayo 1776 da 1787 sun cakuɗe a kansu. Abin da ke zama a ƙwaƙwalwar ɗalibi shi ne abin da aka ɗaura a kan wanda ya riga ya sani, kuma yaron Kano ya san abubuwa da yawa da suka taɓa wannan tarihi.

Kayan aiki biyu ne ba makawa, kuma ba sa buƙatar wutar lantarki. Na farko taswira. A zana ta da maka a farin kwali biyu da aka haɗa, Afirka ta Yamma a dama, nahiyar Amurka a hagu, teku a tsakiya. Taswirar ƙasar Amurka ita kaɗai ba ta wadatar, domin ruɗanin farko daga sunan yake: yara na ɗaukar ƙasar da nahiyar abu guda ne, shi ya sa za ka ga an rubuta cewa Columbus ya sauka a New York. A 1492 tsibiran Bahamas ya isa. Na biyu igiyar shanya mai tsawon mita 4, a ɗaure ta a bangon aji, santimita ɗaya shekara ɗaya. Daga kafa Jamestown, mazaunin Ingilawa na farko mai ɗorewa a can, a 1607 zuwa dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta 1965 shekara 358 ne, wato mita 3 da santimita 58. A yanka kwali kamar tafin hannu, kowane guntu da shekara ɗaya da abin da ya faru, ɗalibai su auna da rula su maƙala. Kuskuren da ake yawan yi shi ne jera katunan da tazara iri ɗaya don su yi kyau. Hakan na kashe amfanin igiyar. Idan an auna daidai, yaro zai gani da idonsa cewa daga 1619, lokacin da aka fara sauke 'yan Afirka a Virginia, zuwa haramta bauta a 1865 ya cinye kusan mita biyu da rabi. A rataya katunan tarihinmu a ƙasan igiyar da wani launi: jihadin Shehu Ɗanfodiyo 1804 zai faɗo dab da sayen Louisiana daga Faransa a 1803, shigowar Turawa Kano 1903.

Darasin cinikin bayi shi ya fi cancantar lokaci. A fara da lissafi: kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga Afirka, kusan miliyan 10 da dubu 700 suka isa da rai, amma waɗanda aka kai kai tsaye yankin da ya zama ƙasar Amurka ba su kai dubu 400 ba. Brazil ce ta ɗauki kaso mafi girma. Sai a tambayi ajin: to yaya aka yi bayi suka kusa miliyan 4 a ƙidayar 1860, alhali an hana shigo da su tun 1808? Amsar ita ce haihuwa, da dokar Virginia ta 1662 da ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, sai injin gurzar auduga na Eli Whitney a 1793 da ya sa gonakin auduga na kudu suka faɗaɗa. Ɗalibin da ya yi Islamiyya zai lura da kansa cewa wannan ya saɓa wa abin da ya karanta a fiƙihu, inda ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne. Kuma wani zai tambaya ko ba a yi bauta a ƙasar Hausa ba. An yi, an sayar da bayi a kasuwannin birnin nan, kada malam ya kauce. A bayyana inda suka yi kama da inda suka bambanta, musamman yadda a can aka ɗaure bauta da launin fata.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne wasan kwaikwayon da ake raba yara wasu bayi wasu iyayengiji. A garin da har yau ake yi wa mutum gori da asali, sunan da aka laƙaba wa yaro a wasa kan bi shi har gida.

Akwai abin da ya fi wasan aiki. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa hoton rubutun Umar ibn Said a intanet kyauta. Malami ne daga Futa Toro, a yankin kogin Senegal, da aka bautar a Carolina, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, kuma ya buɗe da Suratul Mulk. A sauke shafin farko a waya, a buga kwafi 10, a raba ajin rukuni 10. Rubutun irin na allo ne, yara za su karanta Tabaraka ba tare da taimako ba. Tambaya uku ta isa: wa ya rubuta, wa yake so ya karanta, me ya sa bawa zai fara da ayar da ta ce mulki a hannun Allah yake? A buga shi babba, domin idan aka matse shafi biyu a takarda ɗaya ɗigogin haruffa kan ɓace a fotokwafi. Daga nan a ambaci Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda ya yi aikin soja a rundunar Massachusetts ta 55 lokacin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865.

Wuri biyu ake yawan faɗuwa a jarrabawa. Sanarwar 'yanta bayi da Shugaba Lincoln ya yi ranar 1 ga Janairun 1863 ta shafi bayin jihohin da suka yi tawaye ne kawai. Gyara na 13 ga kundin tsarin mulki a 1865 shi ya haramta bauta a duk ƙasar. Sai batun kashi uku cikin biyar na kundin 1787, wato ƙidaya kashi uku cikin biyar na yawan bayi a cikin jama'ar jiha, wanda yara ke fahimta kamar an ba bawa guntun ƙuri'a. Ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. A yi musu da lissafi a allo: jiha mai mutanen da ba bayi ba 100,000 da bayi 50,000 za a ƙidaya ta 130,000 wajen rabon kujerun majalisa, ƙarin kuwa iyayengiji ne ke cin moriyarsa.

Ɓangaren Gwamnati ya fi sauƙi, tunda kundinmu na 1979 daga can ya ɗauko tsarin shugaban ƙasa. A raba allo biyu. Su sanata 100, biyu daga kowace jiha cikin 50, mu 109, uku-uku da ɗaya na Abuja. Majalisar wakilai su 435, mu 360, Kano na da 24 a ciki. Inda aka rabu shi ne zaɓen shugaba: a can wakilan zaɓe 538 ne, mai 270 ya ci, don haka mutum kan iya rinjaye a yawan ƙuri'u ya faɗi, kamar a 2000 da 2016. A gwada a aji: layi biyar jiha biyar, a ba kowane layi maki gwargwadon yawansa, wanda ya ci layi ya kwashe makinsa duka. Minti 15 ya isa, amma a zaɓi 'yan takara irin shinkafa da tuwo, kada a kawo sunan jam'iyya.

In fili ya rage, auduga za ta dawo da labarin gida. Yaƙin basasar Amurka ya katse wa masaƙun Lancashire na Ingila auduga, kuma neman wata majiya na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, aka kuma jawo layin dogo ya iso Kano a 1911. Manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, aka samu dalar gyaɗa. Kati na ƙarshe da za a maƙala a igiya kuwa a ba shi 1962: lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya a kumbo, ɗaya daga cikin tashoshin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da ke bibiyar tafiyarsa a nan Kano take. A ba yara aikin gida su tambayi kakanninsu ko sun taɓa jin labarinta, su rubuto rabin shafi.