Tsibiran Kwara da ruwan Kainji ya shanye

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar nan ya haddace cewa Mungo Park ya mutu a Busa a 1806. An tambaye mu a jarrabawa, mun rubuta, mun ci. Amma babu malamin da ya tsaya ya gaya mana yadda kogin yake a wurin, alhali kogin ne ya yi aikin. A Busa a wancan zamani ruwan Kwara yana rarrabuwa tsakanin duwatsu, ya matse, ya riƙa gudu da ƙarfi. Baturen ya taso tun daga Sansandin a ƙasar Mali ta yau, ya sauke tafintansa Amadi Fatuma a Yawuri, ya shiga wannan mashigi babu wanda ya san hanya a cikin jirginsa. Jirgin ya maƙale a dutse, mutane kuma suna bisa gaɓa da kibau. Ya faɗa ruwa, shi ke nan. Yau ko ka biya mai kwale-kwale kuɗi mai tsoka ba zai iya nuna maka dutsen ba, don tsohuwar Busa da duwatsunta suna ƙarƙashin tafkin Kainji.

Ni dangin mahaifiyata mutanen bakin ruwa ne a ƙasar Yawuri, shi ya sa abin yake damuna fiye da yadda zai dami wani. A wurinsu tarihi a tsibiri yake. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, a tsibiran tsakiyar kogi suka zauna tun kaka da kakanni, suna su, suna kokawa, suna noman albasa. Ba don sha'awar sauro suka zauna can ba. Mahayin doki komai jarumtarsa a bakin gaɓa yake tsayawa, kuma a zamanin da Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora suke kai hari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har sarakunan Yawuri sai da rikici ya kai su tsibirin Ikum, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da fada Yelwa a 1888.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka san ruwansu. Kwara a nan cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wanda yake kawo ambaliya wajen Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake isowa cikin sanyin hunturu, lokacin da ko ɗigon sama babu. Ruwan daminar tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau. Da wannan ruwa na biyu ake ban ruwan albasa. Wata gwaggona ta kwatanta mini yadda suke yi suna yara: a yanka ƙananan fangali a gefen tsibiri, a zuba taki, mutum ya tsaya a ruwa da ƙwarya yana ɗiba yana watsawa fangali bayan fangali tun asuba, har bayansa ya ƙage. Ta ce, "Ɗan nan, albasar da kake gani a buhu, kowace ɗaya ta sha gumin wani."

Daga nan sai madatsa. An fara ginin Kainji a 1964, aka rufe ruwa a 1968. Ita kanta Kainji tsibiri ce, a kanta aka ɗora ginin. Tafkin ya miƙe sama da kilomita 130 zuwa wajen Yelwa, aka tashi mutane kimanin 44,000. Foge, babban tsibirin da ke tsakiya, mafi yawansa ya nutse. Aka gina Sabuwar Busa, aka yi wa mutanen ƙauyuka gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi a kan tudu. Ba na cikin masu cewa da ba a gina ba; wutar da nake cajin wayar nan da ita, in an kawo, wataƙila daga can take. Amma a ɗauki manomin tsibiri a ajiye shi a tudu a ce an biya shi, wannan lissafin ofis ne. Masunta kam sun samu, Sarkawa da wasu suka cika bakin tafki, kamun warangi, ƙananan kifin nan, ya zama sana'a.

Abin da ke ƙasa bai tafi ko'ina ba. Na taɓa shiga jirgi mai inji daga wani ƙauye, na ga direban yana ta karkacewa a fili fetal inda babu komai. Na ce, "Baba, lafiya muke zagaye?" Ya ce, "Yaro, nan kurmi ne, can kuma tudun gari." Kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna nan tsaye, kuma in ruwa ya ja baya su ne suke farke cikin jirgi. Shi da idonsa yana bin taswirar da ta riga madatsa.

In ka gangara kudu, Jebba ma tsibiri ne ya yi ta. A kansa gadar jirgin ƙasa ta taka ta haye, kusa da dogon dutsen nan da ke tsaye a ruwa, kuma a wannan yanki jirgin Dayspring ya fashe a 1857 da Bature mai binciken kogi Baikie da ɗan mishan Samuel Ajayi Crowther a ciki, suka tsira.

In kuwa ka haura arewa wajen Gaya ta Nijar, za ka tarar tsibiri har yanzu abin faɗa ne. Lete, inda Fulani makiyaya suke kiwo, ta haɗa Nijar da Benin jayayya tun farkon samun 'yancin kai. Sai a 2005 kotun duniya da ke Heg ta raba gardama, ta ce iyaka ta bi inda kogin ya fi zurfi a hanyar jirage. Da wannan ma'auni Nijar ta samu tsibirai 16 har da Lete, Benin ta samu 9.