Rijiya bakwai na haƙa, ba wadda ta kai ruwa

Ran Laraba da dare a fadarmu ta unguwar Zariya a Maradi, shayi na biyu na kan gawayi, ƙanen wani abokina da ya samu BAC, takardar gama sakandare, bana ya matso kusa da ni ya ce: "Yaya, soja zan shiga, ko injiniya zan karanta, ko in koyi rubuta manhaja? An ce yanzu ita ke kawo kuɗi." Na yi dariya har ya tsargu. Ba shi nake wa dariya ba, kaina nake wa. Duka ukun na taɓa, kuma kowanne sai da ya shara mini mari kafin in gane abu guda suke nema wajen mutum. Abin da na faɗa masa a daren, da wanda ban samu faɗa ba don an kawo shayi na uku, shi ne zan rubuta a nan, ko wani ƙanena ko ƙanwata za su tsallake ramin da na faɗa.

Soja na fara so. Gaskiyar magana, kaki nake so da takalmi da yadda ƴanmatan unguwa ke kallon wanda ya zo hutu daga bariki. Da aka sanar da konkur, wato gwajin ɗaukar soja, saura kwana takwas na fara gudun safe a hanyar Madarunfa, ni da nake kwana fada sai ƙarfe biyu na dare. Ranar gwaji ban kai rabin zagayen da ake nema ba gefen cikina ya ɗaure, numfashi ya ƙare, na koma gindin bishiya ina haki kamar kazar da ta tsere wa wuƙa. Na dawo gida ina baza wa mutane cewa ai sai mai hanya ake ɗauka. Ƙarya nake wa kaina, kuma na sani.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon soja ne, a Tondibiya ya yi horonsa. Ya bar ni na gama surutuna sannan ya ce: "Ɗana, kaki kake so, ba soja ba. Ka san abin da ake yi a horo? Abu ɗaya ake yi yau, a yi shi gobe, a yi shi jibi. A kwance bindiga, a goge, a haɗa. A sake kwancewa. Har ranar da hannunka zai yi shi cikin duhu kai kana tunanin tuwon gida." Na ce masa, "To Kawu, ina daɗin wannan?" Ya ce, "Wa ya ce maka daɗi aka je nema?"

A nan zan ɗan ratse, don ina da ra'ayi kan wata magana da ake yawan yi a garin nan, cewa yaron da ya gagara a kai shi soja ya shiryu. Ban yarda ba. Bariki ba gidan mari ba ne, kuma aikin da ake sa rai a cikinsa, musamman a halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, bai kamata a tura masa wanda aka gaji da shi a gida ba. Sannan wanda ke tunanin soja mafaka ce daga lissafi ya sake tunani. Makarantar Prytanée ta Yamai da jarrabawa ake shiga tun yaro na gama firamare, makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas da ta manyan hafsoshi duk sai da takardar karatu. Cikin rundunar akwai masu gina hanya da gada, akwai masu kula da sadarwa, akwai makanikai. Ita kanta intanet ɗin da kuke karanta wannan rubutu a kanta, tushenta ARPANET ne, wanda ma'aikatar tsaron Amurka ta kunna a 1969. GPS ɗin da ke cikin salularka ma aikin soja ne tun asali.

Da kaki ya ƙi, na shiga karatun lantarki. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don laifin ba nata ba ne. Malamai sun koyar, ni ne na mai da karatun haddar dare ɗaya. In jarrabawa ta matso in kwafe kayen wani, wato littafin da yake rubuta darasi, in haddace, in zuba a takarda, in fito in manta. Ranar aikin hannu kuwa nakan laɓe bayan ƴan rukuninmu, su haɗa waya ni in rubuta rahoto, don rubutuna ya fi kyau. Na fita da maki mai kyau da hannun da bai san komai ba.

Jiki magayi. Wani Alhaji mai shago a Sabon Gari, abokin mahaifina, ya ji an ce ɗan wane ya gama karatun wuta, ya kira ni in haɗa masa sola a gida. Ya sayo pano, wato faifan sola, ya sayo batir biyu masu bolt 12 kowanne, da inbata ita ma mai bolt 12. Duk wanda ya taɓa aikin ya san abin da ya kamata: ja da ja, baƙi da baƙi, ƙarfin ya tsaya a 12, ajiyar wuta ta ninka. Ni kuwa na haɗa jan wannan da baƙin wancan, kamar yadda na tuna wani zane a kaye, ƙarfin ya koma 24. Ina ɗaura wayar ƙarshe na ji fas! Wani hayaƙi siriri ya fito ta ramukan inbatar, warin robar da ta ƙone ya cika zaure. Yaran gidan da suka zagaye ni suna jiran talabijin suka yi tsit. Ma'aunin wuta yana cikin jakata, ko zif ɗinta ban buɗe ba. Daƙiƙa goma ya isa ya nuna mini 24.

Alhaji bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce kawai, "Ba komai yaro, ka gaida Malam." Wata huɗu na yi ina biyan kuɗin inbatar nan da kaɗan-kaɗan, duk da ya ce in bari. Da labari ya kai wa Kawu, cewa ya yi: "Mu kafin a fita sintiri sai an duba kayan kowa ɗaya bayan ɗaya, ko da jiya an duba. Ba don an raina ka ba ne." Tun daga ranar ba na ɗaura waya sai na auna, ko na yi aikin sau ɗari. Batir nake fara haɗawa da regilata, mai daidaita cajin batir, kafin pano. Kuma ina lissafin kaurin waya kafin in saya: inbata mai wat 1000 a kan bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, wayar da ake ja wa ƙwan ɗaki ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi har ta narke. Wannan lissafin rabawa ne kawai, na ɗan aji biyar. Da shi gidan mutum ke tsira daga gobara.

Sai zancen manhaja, inda na fi ɓata shekaru. Na sayi kwamfuta ta hannu a kasuwa, na zama ɗan labarin fasaha. Kullum ina kan salula, mega na ƙarewa ina sake sawa. A fada in aka taɓo zancen sabuwar waya ko wani kamfanin Amurka, ni ake juyowa a kalla. Na fara da harshen rubuta manhaja na C a makaranta, na ji an ce Java ce ta manya na koma can. Aka ce shafin intanet ke kawo kuɗi, na kama PHP da JavaScript. A 2017 Google ya rungumi Kotlin don manhajojin Android, na yar da na hannuna na bi. Ƙarshen 2018 Flutter ta fito, na bi ta ita ma da harshenta Dart. Python kuwa sau uku ina farawa. Bakwai ke nan. A kowanne na iya sa kwamfuta ta rubuta gaisuwa a allo, na iya darasi na biyar ko na shida, shi ke nan. Mutumin ƙauyukan Dakoro ya san in kana son ruwa wuri guda kake dagewa gaba bayan gaba. Ni rijiya bakwai na haƙa, kowace zurfinta gaba guda kawai, ina mamakin ƙishirwa.

Abin da ya tsayar da ni ƙaramin aiki ne. Wani ɗan uwanmu mai sayar da shinkafa da mai da sukari a babbar kasuwa ya gaji da littafin bashinsa, ya ce in yi masa abin da zai riƙa nuna wa yake bi da nawa. Na zauna da Python da ɗan rumbun bayanai na SQLite, na ce ba zan tashi ba sai ya yi aiki. Kwana na farko da aka gwada, wata mata da ake bi jaka biyar ta ƙara kayan jaka biyu da rabi, allo ya nuna ana bin ta 50002500. Na ajiye kuɗin a matsayin rubutu maimakon lamba, sai kwamfuta ta manna 5000 da 2500 a jere. An yi dariya, na gyara cikin minti biyar.

Na biyun bai zo da dariya ba. Bayan sati biyu lissafi ya ƙi daidaita, kuɗin aljihun tebur ya fi na allo nesa ba kusa ba, har aka fara kallon juna. Na kwana uku ina bin layukan da na rubuta ban ga kuskure ba. Sai na rufe kwamfutata na je na zauna a shagon tun safe, ina kallon hannun yaron da ke shigar da ciniki. Wani ya sayi kayan jaka guda, yaron ya danna 200. Na ce, "Kai, me ka rubuta?" Ya ce, "Ɗari biyu mana." Da dala yake ƙirga, kamar yadda kowa ke yi a kasuwar nan, dala ɗaya faran biyar. Shi mai shagon, da ya yi lakwal, da faran yake shigarwa. Mutum biyu, ma'auni biyu, rumbu ɗaya. Ba wani darasin YouTube daga Indiya ko Faransa da zai gaya maka wannan. Na sa maɓalli biyu manya, ɗaya dala ɗaya faran, na sa allon ya riƙa nuna duka biyun kafin a tabbatar. A wannan satin na koyi abin da ban koya ba a shekarun da na yi ina tsalle tsakanin harsuna.

Kuma a nan ne horon soja da aikinmu suka rabu, kada in yi muku rabin magana. Soja an ce ya yi, yi zai yi, haka aikinsa ya gada. Injiniya ko mai rubuta manhaja da ba ya tambayar "me ya sa" zai kashe wa mutane dukiya. Maimaici da duba kaya da zuwa kan lokaci za ka aro wajen Kawu. Gardama da abin da ke gabanka har sai ka gane shi, wannan naka ne.

Wannan manhajar ma sai da na rasa ta sau ɗaya, ranar da ƙurar hunturu da zafi suka gama da kwamfutata, ba ni da kwafi ko'ina. Git, abin da ake adana kowane sauyin manhaja da kwafinta da shi, tun 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi, kyauta ne, na karanta labarinsa ya fi sau goma, ban taɓa amfani da shi ba. Ku koye shi a satinku na farko.

Ban ce ku daina bin labarin fasaha ba. Ku canza tambayar da kuke yi masa. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta 2023, garin nan ya shiga duhu da zafi, ba wanda ya nemi mai sharhi. Wanda ya iya hawa rufi ya kafa pano, ya lissafa batir nawa firij zai ci, shi aka yi ta nema har dare. Layin dogon Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, in ya iso zai nemi masu walda da masu wuta da masu kula da sigina. Da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 yara da yawa sun ce mini an gama da koyon manhaja. Ina amfani da shi kusan kullum, yana rage mini aiki sosai. Amma yakan rubuta kuskure da cikakkiyar gadara, kuma bai san yaron shago da dala yake ƙirga ba sai ka gaya masa. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba, sake haɗa batir ne ba awo. Ita kuwa dokar Ohm ta lissafin lantarki tun 1827 take, Python tun 1991, ba su je ko'ina ba.

Wuraren koyo muna da su. Ga Lise Teknik Ɗan Kasawa a cikin gari, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da sashenta na koyon fasaha, IUT, ga EMIG a Yamai ga mai son ma'adinai da masana'antu. In ka shiga, ranar aikin hannu kai za ka fara miƙa hannu. In hutu ya zo ka je garejin mai gyaran janareta ko shagon mai gyaran salula ka ce a ba ka shara, takardarka ba za ta yage ba. Wanda ba shi da kwamfuta, akwai Pydroid da Termux da ake rubuta Python da su a salular Android. Harshe ɗaya, awa ɗaya kullum bayan asuba kafin gari ya yi zafi, da aiki ɗaya na gaske: littafin adashen mahaifiyarka, ko jerin ɗaliban islamiyyar unguwarku. Ƴanmata, da ku nake. Cikin waɗanda suka zauna koyo a wajena, wadda ta fi kowa saurin gano kuskure a layi yarinya ce ƴar Tibiri.

Shi yaron fada ban zaɓa masa ko ɗaya cikin ukun ba. Na ce ya same ni a shago ran Asabar ƙarfe shida na safe da kaye da biro. Ya zo shida da minti ashirin, yana ba ni labarin kabu-kabu. Na nuna masa agogo ban ce komai ba. Na ajiye masa tsofaffin batir biyu da ma'aunin wuta, na ce ya haɗa su ya samo mini 12, ya kwance, ya samo mini 24, ya rubuta abin da ya gani. Ya yi cikin minti goma ya ɗago kai yana murmushi. Na ce ya kwance ya sake.