Alkafura a tsakar gida kafin a zo fili

Na daɗe ina koyar da darasin motsa jiki, wanda muke kira EPS, a wata makarantar sakandare a Garwa, kuma a duk tsawon wannan lokaci ina ɗaukar ɗalibin da ke noƙewa a ƙarshen layi a matsayin malalaci. Sai da aka rufe makarantun Kamaru ranar 18 ga Maris 2020 saboda cutar korona na gane cewa na zalunci yara da yawa da wannan zato. A lokacin gidan talabijin na CRTV yana watsa darussa, mu kuwa da aikinmu yake a fili muka rasa inda za mu kama, ga shi darasin namu yana cikin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Na koma ɗaukar gajerun bidiyo da wayata, ina nuna yadda ake dafa ƙasa da tafin hannu, a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji kafin a yi alkafura, ina turawa ta WhatsApp.

Da aka dawo, wata yarinya da ba ta taɓa yarda ta hau katifa a gabana ba ita ce ta fara fitowa. Na tambaye ta abin da ya canza, ta ce: "Malam, na faɗi ya fi a ƙirga a tsakar gidanmu, kuma babu wanda ya yi mini dariya." Ashe idon jama'a take tsoro. A aji mai yara fiye da sittin, kowa yakan sami gwaji ɗaya ko biyu ne kawai, saura suna tsaye suna kallo cikin ranar Garwa wadda ba ta barin a daɗe a fili. Wanda ya fara kuskurensa a gaban wannan taro, musamman yarinyar da ta fara girma take jin nauyin jikinta, da wuya ya sake ɗaga hannu. Bidiyon ya ba su damar yin kuskuren farko a ɓoye, shi ya sa ban daina shi ba har yau.

Amma na yi wani sakaci da ya dame ni ƙwarai. Yaran da babu babbar waya a gidajensu, ko babu kuɗin sayen data, sun riƙa zuwa suna tarar da abokansu sun riga sun iya, gwiwarsu ta ƙara yin sanyi fiye da da. Yanzu nakan kunna bidiyon a ƙarƙashin darbejiya mako guda kafin darasin, in zana matakan a allo su kwafa a littafi, sannan in raba su huɗu-huɗu a kusurwoyin fili, kowane rukuni ya juya wa ɗan'uwansa baya. Gyaran wuya da kafaɗa kuwa nakan tsaya a kansa da kaina, domin waya ba ta ganin yaron da ke shirin faɗawa a kan ƙeyarsa.