Garin masu takalma da ya ci kofin duniya a ƙwallon kwando

Ni baduku ne, ɗan baduku, kuma ta hanyar takalmi na san sunan Franca, ba ta ƙwallo ba. Duk wanda ya ɗan leƙa harkar fata ya ji labarin wannan gari na jihar Sao Paulo a Birazil, inda ake ɗinka takalman maza kamar ba gobe. Mutanensa ba su kai dubu 400 ba, kuma tsakaninsa da babban birnin jihar akwai tafiyar kilomita kusan 400. Ƙanena ne, mayen ƙwallon kwando, ya zo shago wata Lahadi, 24 ga Satumban 2023, ya jingina wayarsa da gwangwanin gam ya ce, "Yaya, ajiye basillar nan, yau mutanenka ne a wasan ƙarshe."

A Singafo ake wasan, na kofin zakarun nahiyoyi, wato kofin duniya na ƙungiyoyi, da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ke shiryawa, tsakanin Franca da Bonn ta Jamus. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, Jamusawa na gaba da maki ɗaya, ni har na sunkuya zan ɗauki aikina. Sai aka miƙa wa Lucas Dias na Franca ƙwallo, ya juya, ya yi tsalle yana karkata baya, ya sake ta. Ƙararrawa ta kaɗa tana sama, ta faɗa kwando. 70 da 69. Ƙanena ya zabura har ya kifar min da kwanon ƙusoshi, muka ɗauki lokaci muna tsinta a ƙasa, yana ta dariya yana ba ni haƙuri.

Daga ranar na shiga bin tarihinsu, kuma abin da ya fara ba ni dariya shi ne sunan. A 1959 aka kafa ƙungiyar da suna Clube dos Bagres, wato kulob ɗin tarwaɗa. Daga nan suna ya yi ta sauyawa gwargwadon wanda ya zuba kuɗi: Emmanuel, Amazonas, Francana, Ravelli, Marathon, Vivo, har zuwa Sesi na yanzu, hukumar kula da jin daɗin ma'aikatan masana'antu. Amazonas ɗin nan na san shi, kamfanin garin ne mai yin tafin takalmi na roba. Wato kuɗin takalmi ne ya yi ta ciyar da ƙwallo. In wannan ya gaji ya janye, wani ya karɓa, a sauya riga a ci gaba. Wasu za su ga kamar rashin asali ne ƙungiya ta riƙa canza suna haka. Ni ban gan shi haka ba. Shagon babanmu sau uku muna sauya allon ƙofarsa, amma mai kawo gyara bai taɓa ɓata hanya ba.

Asalinsu a wurin mutane yake. Wani malamin motsa jiki, Pedro Morilla Fuentes, wanda kowa ke kira Pedroca, shi ya raya wasan a garin, ya tara yaran makaranta ya koya musu, kuma sunansa ne a kan zauren da suke wasa a yau, Pedrocão. Cikin yaransa akwai Hélio Rubens Garcia, haifaffen garin, wanda ya buga wa ƙungiyar shekara da shekaru, ya buga wa ƙasarsa, sannan ya gaji kujerar koci. Ɗansa Helinho ya tashi a gefen fili, ya buga a ƙarƙashin mahaifinsa, shi ma ya zama koci. Shi ne yake tsaye a bakin layi ranar Singafo.

Nan ne labarin ya taɓa ni, domin na san nauyin gado. Babu abin da ya kai wuya irin ka zauna a kan buzun mahaifinka, mai kawo aiki ya ɗaga ɗinkinka ya duba ya ce, "Na marigayi ya fi wannan." To, Hélio Rubens yana raye, kuma abin da zamaninsa ya tara ba kaɗan ba ne. Kofin ƙasa a 1971, 1974, 1975, 1980 da 1981, sannan 1990, 1991, 1993, sai uku a jere daga 1997 zuwa 1999. Kofin Kudancin Amurka sau 6. Abu ɗaya ya gagare su: sun zo na biyu a kofin zakarun nahiyoyi a 1975 a Italiya, bayan Cantù, suka sake zuwa na biyu a 1980 bayan Maccabi Tel Aviv. A tsakanin nan Sírio ta Sao Paulo, da shahararren ɗan wasan Birazil Oscar Schmidt a cikinta, ta ɗauke shi a 1979. Flamengo ta birnin Rio ma ta ɗauka a 2014 da 2022.

Bayan 1999 kuma sai fari ya sauka. Shekara 23 babu kofin ƙasa. An kafa sabuwar gasar ƙasa, NBB, suka kai wasan ƙarshe a 2011 Brasília ta doke su, suka sake kaiwa a 2019 Flamengo ta doke su. Yaran da suka goya, irin su Anderson Varejão, tuni suka tafi Barcelona da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙasar Amurka. Sai a 2022 Helinho ya karya farin, kuma da Flamengon ya rama. Daga nan ƙofa ta buɗe: suka riƙe kofin a 2023, 2024 da 2025, suka ci na nahiyar Amurka a gidansu a 2023, wanda shi ya ba su tikitin Singafo.

Har yanzu ban iya ƙa'idojin wasan sosai ba, sai ƙanena ya yi min fashin baƙi in alƙali ya busa. Amma ya yi min alkawarin rigar Franca, na ce masa ya nemo min mai sunan Amazonas a ƙirji. Ya ce, "Yaya, wannan ai ta girme ni." Na ce ya dai nema.