Wayar dala 199 da ba a taɓa sayar da ita dala 199 ba

Duk wanda ya bi tallan iPhone a Amurka daga 2008 zuwa 2014 zai ga lamba ɗaya ce ke ta dawowa: dala 199. Haka aka tallata iPhone 3G a 2008, haka iPhone 4 a 2010, haka iPhone 6 a 2014. Da iPhone X ta fito a 2017 a kan dala 999, sai aka yi ta salati wai farashi ya ninka sau biyar. Ya tashi kam, amma ba haka ba. Waccan 199 kafin alƙalami ce kawai.

Ainihin kuɗin iPhone 6 mai 16GB, idan za ka biya lakadan a 2014, dala 649 ne. Ragowar 450 kamfanin layi ne, irin su AT&T da Verizon, ke cikewa, bisa sharaɗin ka sa hannu a kwantiragin shekara 2. Raba 450 gida 24, ka samu dala 18.75 duk wata. Wannan kuɗi yana cuɗe cikin kuɗin layin da kake biya, ba a ware shi a takardar bil ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, bayan wata 24 ka gama biyan wayar, amma galibi bil ɗinka ba ya sauka ko sisi. Wanda ya riƙe wayarsa shekara 3 don tattali ya yi wa kamfani kyautar dala 225 ke nan. Wanda kuma ya nemi ficewa kafin wa'adi akwai tara: a 2010 AT&T ya kai tasa dala 325, ana rage 10 kan kowane watan da ka cika.

T-Mobile ne ya fara watsar da wannan tsari a Maris na 2013, ya raba kuɗin waya da kuɗin layi. Verizon ya biyo baya a 2015, AT&T a farkon 2016. Daga nan mutane suka fara ganin farashi tsirararsa.

Sai dai kwantiragin riga kawai ya sake. Yanzu ana ba ka waya biya kaɗan-kaɗan, da wata 24 ne, wasu manyan kamfanonin sun ja shi zuwa 36. Tallan "waya kyauta" da ake gani, ga yadda yake: a ce wayar dala 800 ce, ana rubuta maka bashin kusan dala 22 duk wata, a kuma yafe maka shi a wannan watan muddin kana kan layinsu, galibi a tsari mai tsada. Ka tashi bayan shekara 1, yafiya ta ƙare, sauran kusan dala 533 na kanka. Ba su kira shi tara ba, amma ya fi tsohuwar tarar ciwo.

Mu a nan ba mu san wannan ba, domin tun zuwan GSM Najeriya a 2001 waya daban ake saye, layi daban, kati daban. Amma wutsiyar bashin tana iso mu, cikin wayoyin da aka riga aka yi amfani da su, waɗanda ake jibgewa a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja. Wayar da ba a gama biyan kuɗinta ba yawanci a kulle take da layin kamfanin da ya bayar da ita. Shi ya sa za ka ga iPhone biyu iri ɗaya a gilashi ɗaya, farashinsu da tazara mai yawa. Mai arahar sau da yawa wani siririn cif ake shimfiɗawa ƙarƙashin sim don ya yaudare ta. Tana aiki, har ranar da aka sabunta manhaja ko aka sake sim, sai sabis ya ɗauke.

Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe Settings, ka shiga General, sannan About, ka gangara zuwa Carrier Lock. Idan ba ka ga "No SIM restrictions" ba, a kulle take, kome mai shago zai rantse. Zaro tiren sim da hannunka ka duba ko akwai cif a ciki, ka sa naka layin, ka kira wani. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke About. Kullen iCloud, wato wayar na ɗaure da asusun Apple na tsohon mai ita, wani ciwon ne dabam, don haka a goge wayar a gabanka a tashe ta daga farko.

Ƙasar da waya ta fito ma tana da magana. Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disamba 2017, Birtaniya tun Disamba 2021, saboda haka sabuwar samfur da aka ce "London used" ce amma tana kulle da layin Amurka ba daga kamfanin layin Birtaniya ta fito ba. Kuma daga iPhone 14 ta 2022, samfurin Amurka ba shi da ramin sim sam, sai eSIM, wato sim ɗin da aka gina a cikin wayar. In ka ga irinta da tire, buɗe ta aka yi aka dasa shi.