Yadda Muke Naɗar Wasan Rediyo a Gaban Jama'a a Sakkwato

Ina da ɗan ƙaramin kamfanin ɗaukar sauti a unguwar Mabera da ke cikin Sakkwato, kuma mafi yawan aikinmu shi ne naɗar wasan kwaikwayon rediyo da wata ƙungiyar 'yan wasa ta gari take gabatarwa. Ana yin wasan ne a zaure, a gaban mutanen da aka gayyata, 'yan wasa suna tsaye kewaye da makirufo 4 da takardunsu a hannu, mu kuma muna ɗauka tun daga sallama har zuwa kiɗan rufewa ba tare da an tsaya ba, sai fa idan an yi kuskuren da ba zai gyaru a kwamfuta ba. Mun zaɓi wannan hanya duk da wahalarta saboda dariyar da mutane suka yi da kansu ta bambanta da wadda aka ɗauko aka liƙa, kuma mai sauraro da rediyonsa a gona ko a rumfar kasuwa yakan gane bambancin nan take.

Abin da ya fi ba mu wuya a garin nan shi ne samun shiru. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, amma dole a kashe fanka kafin a fara, domin makirufo yana kama ƙugin iska fiye da yadda kunnen mutum yake ji, sai 'yan wasa su yi ta sharce gumi suna hattara kada takarda ta yi ƙara. Janareto ma mun daina amfani da shi tun da muka gane cewa ko an kai shi bayan katanga, gurnaninsa yana biyo ƙasa ya shiga cikin sautin, don haka muka koma ga sola da batura. Lokacin ɗauka kuwa salla ce take tsara mana shi: mukan fara bayan La'asar mu kammala kafin lasifikokin masallatai su tashi da kiran Magariba, sannan mu sa yaro a bakin lungu yana roƙon 'yan kabu-kabu su kashe babur su tura shi har su wuce.

Mai haɗa mana ƙarar abubuwa dattijo ne da kowa yake kira Baba, kuma teburinsa ya fi kama da shirgin tsohuwa fiye da kayan aiki. Ƙoƙuna biyu da yake kifawa a kan faranti mai yashi su ne kofaton dokin hakimi, ledar da yake murzawa a hankali ita ce wutar murhu, guga da bokiti kuma su ne rijiya. Wata rana ya makara wajen buɗe guntun ƙyauren langa-langa, har maigida a cikin wasan ya riga ya yi sallama ya zauna, sai matar da take fitowa a uwargida ta ɗago kai ta ce, "Malam, ta ina ka shigo?" Zauren ya fashe da dariya, ni kuwa na bar wurin yadda yake ban yanke ba, domin ya fi abin da aka rubuta daɗi.

Ba ma gyara wa kowa harshe. Wanda ya ce "tahi" ko "mi yah hwaru" mukan bar shi da Sakkwatancinsa, tun da masu sauraron da muke nufi mutanen Wurno ne da Gwadabawa da Tambuwal da Illela, har da na Birnin Ƙonni a tsallaken iyakar Nijar. Na taso ina jin wasannin Rediyon Tarayya na Kaduna ina sha'awarsu, amma a ganina mutum ya fi yarda da magana idan ta zo masa da muryar maƙwabcinsa.

Kuɗin shiga yana zuwa ne daga masu ɗaukar nauyi, galibi ƙungiyoyin da suke son a isar da saƙo a kan rigakafin shan-inna ko karatun 'ya'ya mata, kuma daga ciki ake sayen fili a tashoshi irin su Rima Rediyo, a sallami 'yan wasa, abin da ya saura ya zama namu. Inda mukan yi ja-in-ja da su shi ne idan suka nemi a cusa saƙon a bakin kowane ɗan wasa, domin na sha ganin zaure ya yi tsit da zarar wasa ya koma lacca, kuma wannan shirun ma makirufo yana ɗaukarsa.